Ginshiƙi da Kafaɗarta ta Dama

A kamfanin wanki da guga inda ta yi rabin rayuwarta, ba mai kiranta da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Ginshiƙi ake ce mata. Wata abokiyar aikinta mai bakin tsiya, wadda ake kira Gajera, ita ta laƙaba mata sunan, ranar da ta ga ta sungumi ƙullin jiƙaƙƙun barguna da maza biyu ke ta gardamar wa zai ɗauka, ta aza a amalanke ko nishi ba ta yi ba.

"Wannan ai ba mace ba ce," in ji Gajera, "ginshiƙi ce. In ta gusa, rufin nan a kanmu zai sauka."

Aka kwashe da dariya, suna kuwa ya bi ta.

Ba a kamfani ta samo ƙarfin nan ba. Ita ce babba a ɗakinsu, kuma mahaifiyarsu ta rasu ta bar mata ƙane ɗaya da ko tafiya bai fara ba. Ita ta goya shi, ita ta yi masa wanki, ita ta ajiye makaranta don ya ci gaba da tasa. Ya girma ya zama akawu a ofishin wasu dillalan gidaje, mutum mai son tsari, wanda ba ya buɗe baki sai ya fara da "a doka". Har furfura ta fito masa a gemu bai daina kallon yayarsa da idon wanda aka yi wa alherin da ya fi ƙarfin sakayya ba.

Mijinta direban motar makaranta ne, mai sanyin hali, mai barkwanci a hankali. "Ranki ya daɗe" yake ce mata, wai ita ce gwamnatin gidan, shi ɗan ƙasa ne mai bin doka. Ita kuma "Baban yara" take ce masa, ko da yake yaran duk sun girma, babbar ma ta yi aure.

Wurin aikin dogon ɗaki ne mai rufin kwano, injinan wanki jere a gefe guda kamar tankunan ruwa, teburan guga a ɗaya gefen. Ƙasa kullum a jiƙe, iska kullum cike da tururi da ƙamshin sabulu da sitati, ga ƙarar inji da sai ka yi ihu na kusa da kai zai ji. Otal-otal da asibitoci ke aiko musu da zannuwan gado, tawul, labule da barguna. Akwai wani injin ɗaga kaya mai sarƙa da ƙugiya da ke fito da jiƙaƙƙun kaya daga cikin manyan injina. Da ya lalace, ma'aikata suka gaya wa heluma, wato mai kula da sashensu. Heluma ya ce ya gaya wa manaja, manaja ya ce ana jiran mai gyara. Kafin mai gyara ya zo, hannu ya koma yin aikin sarƙa, kuma hannun da aka fi kira na Ginshiƙi ne.

Ranar da abin ya faru labulen wani otal aka kawo, masu kaurin nan da in sun sha ruwa sai ka ce yashi aka ɗura musu. Suka nannaɗe a cikin inji suka ƙi fitowa. Gajera ta ja ta kasa, ta ce a kira maza.

"Mazan da ke can suna shan shayi?" in ji Ginshiƙi. "Matsa ki gani."

Ta dafa ƙafa a bakin injin, ta zura hannun dama, ta fizgo. Labulen ya taho. Tare da tahowarsa ta ji wani abu ya yage a cikin kafaɗarta kamar tsohon yadi, sai zafi ya sauko har gwiwar hannu. Ta tsaya ta riƙe wurin, gumi na keto mata. Gajera ta ce ta je ta zauna. Ta ƙi. Ba ta saba kai ƙarar jikinta wurin kowa ba, kuma kaya na jira. Da hannun hagu ta lallaɓa ta ƙarasa aikin ranar. Washegari ko riga ta kasa sawa, sai da mijinta ya zura mata.

Likita ya ɗaga hoton kafaɗar ya nuna mata da bakin biro. Jijiyar da ke riƙe da kafaɗa ce ta yage, ya ce, sai an yi tiyata an ɗinke, kuma ba abin jinkiri ba ne, domin in ta daɗe a haka janyewa take yi kamar roba. Manaja da kansa ya zo har gida ya gaishe ta, ya zauna a kujerar baƙi, ya ce ai ita ta gida ce, kamfani ba zai yar da ita ba. Ya ƙara da cewa maganar asibiti da diyya tana hannun kamfanin inshora, su za su yi komai. Daga ranar ba ta sake ganinsa ba.

Mutanen inshora ba su taɓa yi mata tsawa ba. Cikin ladabi suke magana, a waya da baki. Cikin ladabin suka ce likitansu na ganin tsufa ne ya cinye jijiyar, ba aiki ba. Cikin ladabin suka tambaya, in da gaske a wurin aiki ta ji ciwon, ta yaya ta ƙarasa aikin ranar? Suka nemi shaida. Ginshiƙi ta yi murmushi, ta ce ai Gajera na tsaye a wurin. Amma heluma ya riga ya ja Gajera gefe ya tuna mata tana da yara a makaranta. Da aka tambaye ta, sai ta sunkuyar da kai ta ce ita dai ba ta gani sosai ba, tururi ya yi yawa.

Wannan ya fi yagewar jijiyar yi wa Ginshiƙi ciwo.

A nan ƙanenta ya shigo maganar, ya shigo kuwa da ƙarfinsa. "Yaya, wallahi ba za su ci wannan ba," ya ce. "Kin ba su ƙuruciyarki, kin ba su hannunki, sannan su ce ke maƙaryaciya ce? A doka ba su isa ba." Ya kawo wani lauya da ya sani, mutum mai fara'a da saurin magana. Lauyan ya san aikinsa. Ya matsa, ya gano cewa an sha kai ƙarar lalacewar injin ɗaga kaya, har inshora suka yarda a yi tiyata, maganar diyya kuma a bar ta sai an ga yadda hannun ya kasance. Sai dai kafin nan watanni sun shuɗe, kafaɗar ta rame, naman wurin ya zube.

Aka yi aikin lafiya. Ta fito da hannu a rataye cikin wani baƙin maratayi mai igiya a wuya. Da ɗinki ya kama, aka tura ta sashen gashin ƙashi, wani ɗaki mai faɗi a bayan asibitin, da gadaje masu tsawo, da sanduna, da igiyoyi da aka zarga ta saman ƙofa, hannu mai lafiya ya ja, mara lafiya ya tashi. Mai kula da ita wata mata ce doguwa, mara wasa a fuska, mai taushin hannu. Ita ta koya mata ta tsaya gaban bango ta riƙa hawa da yatsu kamar gizo-gizo, inda ta tsaya a ja layi da fensir.

"Mama, zai yi zafi," ta gaya mata tun ranar farko. "Amma wannan zafin ba na ɓarna ba ne. Abin da na fi tsoro shi ne ki bar shi ya zauna. Kafaɗa in aka bar ta, ƙagewa take yi."

Ginshiƙi ba ta taɓa tsoron wahala ba. Ta kama motsa hannu kamar yadda take kama wanki. A gida ma ta samu bango kusa da ƙofar ɗaki, mijinta na ja mata layi yana cewa, "Ranki ya daɗe, in kika ci gaba a haka sai mun ƙara wa bangon nan tsawo." Layin ya tashi daga ƙugu ya kai ƙirji, daga ƙirji ya doshi haɓa. Wata safiya da zai fita aiki ta rako shi har bakin titi ba maratayi. Da ya tayar da mota ta ɗaga hannun daman, ta kai shi daidai kafaɗa, ta kaɗa masa. Ya danna oda yana dariya. Rabon da ta ji daɗi irin na safiyar tun kafin ciwon.

Ba a daɗe ba lauya ya kira su ofishinsa, ita da ƙanenta. Ya yi musu bayanin yadda abin yake. Kwamitin likitoci zai zauna ya auna abin da hannun ya rasa, kuma diyya gwargwadon abin da aka rasa take. Hannun da ya warke sarai, abin da za a ba shi bai taka kara ya karya ba.

"Ban ce ki yi ƙarya ba, Mama," ya ce. "Allah ya kiyaye. Na ce dai kada ki yi gaggawa. Kuma ki kula da kanki a waje, mutanen nan suna da ido."

A hanyar komawa ƙanen ya fassara mata maganar ba kwana-kwana. "Yaya, ki mayar da maratayin nan. Motsa hannun nan kuma ki rage. Ba gudu zai yi ba. In an gama shari'a ki ɗaga shi har sama in kina so."

"Likita ta ce in na bar shi ƙagewa zai yi."

"Likita ce za ta ciyar da ke in kamfani ya sallame ki?"

Duk da haka ba ta daina zuwa gashin ƙashi ba, a lokacin.

Abin da ya karya ta a zaman sulhu ya faru. Wani ɗaki ne mai sanyin na'ura da dogon tebur, ita da lauyanta da ƙanenta a gefe guda, mutanen inshora a ɗaya gefen. Ɗayansu ya juyo da fuskar kwamfuta wajenta, ya ce ko za ta gane wannan matar. Sai ga ta a bakin titinsu, da zanen da take girki da shi, tana ɗaga hannu tana dariya, motar makaranta na wucewa. Daga tsallaken titi aka ɗauka, daga cikin wata mota. Ya tsayar da hoton daidai inda hannun ya kai kafaɗa.

"Wannan ne hannun da aka ce ba ya ɗaguwa?" ya tambaya, cikin ladabinsa.

Ta buɗe baki ta ce ai ranar ce ta fara iya kai shi nan, mijinta take nuna wa. Lauya ya dafa tebur alamar ta yi shiru. Ta dubi matar da ke cikin hoton da bakinta a buɗe don murna, sai kunya ta rufe ta kamar an kama ta da kayan sata.

Tun daga ranar ta mayar da maratayin, ba wanda ya sake ce mata ta mayar. Da shi take zuwa kasuwa, da shi take zama a tsakar gida. Ta sa aka riƙa sakin labulen tagar da ke kallon titi. Duk motar da ta tsaya a layinsu sai ta ɗauka ita ake leƙe. Maƙwabciyar da suka shekara suna aron gishiri a junansu ta zo gaishe ta riƙe da waya, Ginshiƙi ta bi wayar da ido har matar ta tsargu ta tashi. Layin fensir da ke bangon ƙofa ya tsaya inda yake.

Ga kuma tambayoyi. Likitan inshora ya duba ta, likitan da lauya ya samo ya duba ta, kowa da tambaya iri ɗaya: ina ne ke ciwo, yaya ciwon yake, me da me kika kasa yi? Matar da a da in ƙaya ta soke ta sai an tashi aiki take tunawa, yanzu an mayar da ita mai gadin ciwo. Tana zaune tana saurarensa, kada a tambaye ta ta rasa abin faɗa. Ciwon kuwa da ya ga ana saurarensa sai ya ƙara baki. Ba ƙirƙira take yi ba. Da gaske yake cizonta in ta juya a shimfiɗa, da gaske yake hana ta taje kanta. Amma ita kanta ta kai inda ba ta iya bambance wanne ne ciwon jijiya, wanne ne na tsoro, wanne ne na baƙin cikin abin da aka yi mata.

Zuwa gashin ƙashi ya koma jefi-jefi. Akwai wani dattijo mai shagon kayan gini da aka yi wa irin aikinta bayan an yi mata. Shi daga kan tsani ya faɗo a gidansa, ba kamfani, ba inshora, ba lauya. Wata rana ta shiga ta tarar da shi yana ɗaga sanda da hannu biyu har saman kansa, yana ƙorafin wai shago na can yara na yi masa ɓarna. Ita kuwa da aka ce ta hau bango, yatsunta ko tsohon layinta ba su kai ba.

"Likita," ta ce bayan ya fita, "ko dai aikina ne bai yi kyau ba? Wancan bawan Allah ya girme ni."

Mai gashin ƙashi ta jawo kujera ta zauna, abin da ba ta saba yi ba. "Aikinki ya yi kyau, Mama, na ga hoton. An dai makara kafin a yi, wannan ba laifinki ba ne. Amma zan gaya miki abin da na sha gani a ɗakin nan. Masu shari'ar diyya sun fi kowa daɗewa a hannuna. Ba don maƙaryata ba ne, yawancinsu sun fi kowa jin jiki. Wancan tsohon in ya ɗaga hannu, murna ake taya shi. Ke in kin ɗaga, hoto ake ɗaukarki. Ni ina ce miki ɗaga, can ana ce miki in kin ɗaga kin yi asara. Wanne jikinki zai ji?"

"To me zan yi?"

"Shari'a ba fannina ba ne, ba zan ce ki bar haƙƙinki ba. Abin da na sani shi ne, kotu na iya ɗage zama, kafaɗa ba ta ɗagewa. Tana can tana rufewa."

Ginshiƙi ta tafi da maganar gida, ta ajiye ta a ciki ba ta gaya wa kowa ba. An ɗage zaman kwamitin likitoci, aka sake ɗagewa.

Ana cikin haka babbar 'yarta ta haihu. Da suka samu ƙarfi ta zo gida da jaririyar, ta shigo ɗaki da murna ta miƙa wa mahaifiyarta. "Umma, ga kishiyarki, karɓi ki ga ko ta fi ki kyau." Ginshiƙi ta yunƙura za ta karɓa da hannu biyu. Kafin hannun ya fita daga maratayi sai ta tsinci kanta tana waiwayen taga, tana duba ko labule a sake yake. Daƙiƙa ɗaya ce, amma 'yar ta gani, mijin ma ya gani. Da ta zare hannun ta miƙa, sai ya tsaya a rabin hanya kamar an ɗaure shi da igiya ta baya. Dole aka ɗora mata jaririyar a cinya. Ta tallafe ta da hagu, ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanen yarinyar.

Da yamma ƙanenta ya zo barka, ya tarar da gidan shiru. Mijin, wanda a tsawon zamansu bai taɓa ɗaga masa murya ba, ya tare shi a tsakar gida.

"Ka ga yayarka kuwa? Ka dube ta da kyau? Jikarta ta kasa ɗauka. A cikin ɗakinta take leƙen taga kamar ɓarauniya."

"Ni na ji mata ciwon?" in ji ƙanen. "Haƙƙinta nake nema mata. In muka saki yanzu, sun ci banza ke nan. Gobe wata za su yi wa."

"Gaskiya ne. Amma in an ba ta haƙƙin, da wane hannu za ta karɓa?"

Ginshiƙi ta fito bakin ƙofa. Ta ce wa ƙanenta ya shigo ya zauna. Ta san inshora sun taɓa yin tayin a sasanta a kan abin da lauya ya kira cin fuska. Ta ce a je a karɓa, a rufe maganar.

Ƙanen ya miƙe tsaye. "Yaya, saura ƙiris fa! Lauya ya ce in kwamiti ya ga hannun nan yadda yake yanzu..."

"Yadda yake yanzu," ta maimaita. "Ka ji abin da ka faɗa? Lalacewarsa ce ta zama abin murnarmu." Ta sassauta murya. "Na san don ni kake yi. Tun kana ƙarami ba ka son a taɓa ni. Amma na gaji da zama mara lafiya don wasu su yarda da ni. Ka bar ni haka."

Ya ɗauki hularsa ya fita ba sallama. Lauya ya yi iya ƙoƙarinsa ya ɗan ƙara abin da aka samu, aka sa hannu, kamfani ya sallame ta a takarda ɗaya da godiya bisa doguwar hidima.

Ta ɗauka ranar da aka rufe shari'a hannun zai saki. Ta cire maratayin ta jefa a ƙasan akwati, ta tsaya gaban bango, ta ɗaga. Bai ɗagu ba. Likita ya duba ya ce gaɓar ta ƙage, lokacin da ya fi dacewa a buɗe ta ya wuce, amma ba a rasa komai da komai ba, in za ta jure. Ta koma wurin doguwar matar nan mai gashin ƙashi, wannan karon ba fashi. Wahalar da ta sha a baya wasa ce a kan wannan. Ana danna kafaɗar tana cije gefen mayafi, ana saki tana share ido ta ce a sake. A hankali, a hankali, hannun ya dawo ƙirji, ya kai kafaɗa, ya ɗan gota. Daga nan ya tsaya. Har yau ba ta iya kai shi saman kai, kuma in hadari ya haɗo tana riga kowa sani.

Ba ta koma ɗaukar kaya ba. Wani ƙaramin shagon wanki a bakin kasuwa ya ɗauke ta tana karɓar tufafi tana miƙa wa masu su, tana koya wa sababbin ma'aikata yadda ake fitar da tabon mai da na tawada. Wata rana Gajera ta shigo shagon da ƙullin kaya da kowa ya san a gida za ta iya wanke su. Suka tsaya suna kallon juna ta saman kantar shagon. Ginshiƙi ta karɓi ƙullin ta kwance, ta tambaye ta yara, ta tambaye ta ko an gyara injin ɗaga kaya. An gyara, in ji Gajera, tun makon da lauya ya fara zuwa. Ba su koma yadda suke a da ba, amma suna gaisawa.

Wani lokaci, in tana zaune shago ba ciniki, takan ce a ranta wataƙila ƙanenta ne ke da gaskiya, da ta ƙara daurewa da yanzu ba ta zaune a nan. Wani lokaci kuma takan ce da tun ranar farko ta toshe kunne ta bi likita, da hannunta ya dawo duka. Ba ta taɓa tsayawa a kan amsa ɗaya ba.

Ƙanen ya daɗe bai tako gidan ba. Sai wata ranar hutu da hantsi aka yi sallama, ga shi da jakar kayan aiki da ya aro wurin wani kafinta. Mijin ne ya gaya masa a hanya cewa kantocin kicin sun yi mata nisa, komai sai ta jira a sauko mata da shi. Ya gaishe ta a taƙaice, ya wuce kicin, ya sauke tukwane da gwangwanaye, ya kwance katakon farko. Akawu ne, bai iya riƙe guduma ba, har mijin ya ce a hankali dai kada a sake neman wani lauyan. Ba wanda ya yi dariya sosai, amma fuska ta saki.

Ya dafa katakon a bango daidai ƙirjinta, ya waiwayo. "Nan ya yi, Yaya?"

Ta matso, ta miƙa hannun daman ta taɓa. Ya kai ba wahala.

"Ya yi ƙasa," ta ce. "Ɗaga shi."

Ya ɗaga. Ta sake miƙawa, kafaɗar ta ja, ta ɗan yamutsa fuska, yatsunta suka kama bakin katakon da ƙyar.

"Zai riƙa yi miki zafi fa," ya ce.

"Na sani. Buga a nan."

Ya sa ƙusa a baki, ya laluba aljihu yana neman abin da zai yi alama da shi, ita kuma ta riƙe masa katakon har ya samo.